Tohon Kututture a Gonar Malam

Gawo Bakwai, Sule Tankarkar
Laraba, 17 ga Afrilu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ƙanena Habibullah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na ƙara maka karatun takarda a kan aikin da ya riga ya yi maka yawa. Da akwai wata hanya da ban dame ka ba. Ina gaishe ka da Muhsina da yara, da fatan kun yi Salla lafiya. Mu nan sai godiya, zafi dai ake sha.

Na san za ka ce ga waya. To kai mai saurin baki ne, kafin in kai ƙarshen zancena ka riga ka ba ni amsa, kuma mahaifinmu Malam ya koya mana cewa maganar haƙƙi a rubuce ta fi zama. Malam Cindo, direban da ke ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Ikko, shi zai kawo maka.

Laifi na yi maka, shi nake so in faɗa. Gonar Malam ba mu taɓa raba ta ba, amma ni da kai mun san kashi biyu naka ne, ɗaya nawa. Tun da mahaifin yarana ya rasu na dawo gida nake noma ta. A zamanin Malam ana ɗaure dami saba'in a cikinta. Ni ashirin ma sai da ƙyar. Ruwa bai daina zuwa ba, lokacinsa ne ya ɓace: ya zubo rana ɗaya kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke sati uku. Ƙasar kuma ta koma rairayi zalla.

Shekara uku da suka wuce na je gaisuwar mutuwa Dungas, wajen Gwaggo Mairo. Rairayinsu irin namu ne, ruwansu bai kai namu ba, amma gonakinsu cike da itatuwa, gero na tsaye a tsakani. Da na tambaya sai ta yi dariya, ta ce, "Ai ku can kuna aske gona ne kamar kan jariri ran suna." Ta nuna mini yadda suke yi. In an zo sassabe, ba a share tohon da ya fito daga tsohon kututture. A zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a ɗaura wa na barin ƙyalle don masu itace da makiyaya su san da mai shi. Ba dashe ba ne, ba a ba shi ruwa. Saiwar tana nan a ƙasa tun zamanin Malam.

Na dawo na yi haka a gonarmu, ban nemi izininka ba. Yanzu akwai itace casa'in da huɗu: kalgo, sabara, magarya, aduwa, da gawo goma sha ɗaya. Wasu sun fi ni tsawo.

Abdurra'uf ɗan Kawu ya zo daga Gumel, ya ce kana neman tarakta. Shi ya sa na kasa shiru. Ina neman gafararka kan abin da ya wuce, ina kuma roƙon ka bar su. Allah ya tsare ka da iyalinka.

Yayarka,
Hannatu

Apapa, Legas
Lahadi, 28 ga Afrilu

Yaya Hannatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin shanu, har Muhsina ta ce ko fura kika aiko. Muna gaishe ki ƙwarai. Gafarar me kuma, Yaya? Ke da kika goya ni har na yi miki fitsari a baya ba sau ɗaya ba.

Amma bari in gaya miki abin da ya zo kunnena tun kafin takardar. An ce gonar Malam ta zama daji, kamar bai bar ɗa namiji a duniya ba. An ce kin rataya jajayen ƙyallaye ko'ina kamar ƙofar boka. A majalisar bakin tashar Gumel wani ya tambayi Abdurra'uf wane aljani muke ciyarwa. Ke da kika sauke Alƙur'ani a gaban Malam, a ce da ke haka? Ni dai na kasa haɗiye wannan.

Sannan ki duba abin da nake gani kullum. A siton da nake aiki, riɗi da zoɓo muke lodawa a kwantena ana fita da su waje. Da yawansu daga wajenmu suke, Maigatari, Gagarawa, Gumel. Ina gane rubutun da ke jikin buhu. Su ne ke shigo wa ƙasar nan da dala, don man fetur kaɗai ya gaji da riƙe mu. Riɗi ba ya son ruwa da yawa, rairayi ne gidansa. Tunda damina ta canza, sai mu canza abin da muke shukawa. Amma noman riɗi na kirki sai da tarakta, ita kuwa tarakta ba ta shiri da kututture. Na Dungas noman ci suke yi, Yaya, ni noman fita nake so mu yi.

Don haka jiya na sa Abdurra'uf ya nemo 'yan ƙwadago su yi miki sassabe na gaske. Bana a share na sama kawai, bayan kaka tarakta ta zo ta tumɓuke tushen. Ke ki zauna ki huta, shekarunki sun wuce yawo da lauje a rana. Wata rana za ki gode mini.

Ki gaida Kawu in kin shiga Gumel.

Ƙanenki,
Habibullah

Gawo Bakwai
Laraba, 15 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Habibullah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan alheri. Takardarka jiya ta zo, don motar Malam Cindo ta lalace a Lakwaja. 'Yan ƙwadagonka sun riga ta da kwana takwas. Zan ba ka labari yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Ran Litinin da hantsi na tafi gona da laujena, na tarar da mutum takwas da gatura a iyakar gabas. Abdurra'uf ya kafe babur ɗinsa a inuwar wani kalgo, yana fifita da hula.

Na ce, "Abdurra'uf, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Yaya. Saƙon ƙanenki ne, ya ce a hutar da ke."

Na ce, "Da bakinsa ya faɗa?"

Sai ya kunna mini muryarka a waya. Na tambaye shi ranar da ka aiko, ya ce ran Asabar, kwana tara da suka wuce. Na duba na ga takardata ta riga ta same ka. Ke nan ka ji roƙona, ga amsarka.

Ka san Malam ya ce tsawon gonar taki ɗari da tamanin ne. Na fara daga gabas na taka ɗari da ashirin, na ja layi da ƙafa, na zauna a kai. Na ce musu, "Daga gabas zuwa nan na Habibullah ne, ku yi yadda ya ce. Daga nan zuwa yamma nawa ne, ba a taɓawa."

Abdurra'uf ya ce, "Haba Yaya, ai cewa ya yi duka."

Na ce, "Duka nasa ya ce. Ba zai ba da abin da ba nasa ba, Malam ne ya haife shi."

Sai kuma aka tsaya, ba wanda ya ɗaga gatari. Ashe ƙyallayen suke tsoro. Wani ya ce, "Hajiya, ki fara kwance kayanki, mu da iyali muka baro a gida." Na ce ba laya ba ce, ba komai a ciki, tsohon jan zanen Inna ne na yayyaga. Ba su yarda ba. Sai na tashi na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwancewa, su kuma suna biye da ni suna sara. Sittin da ɗaya. Rana ta riga ta cinye ƙyallayen, a hannuna suke marmashewa, ko ɗaya ban tsira da shi ba.

Akwai wani dattijo a cikinsu, mutumin Gagarawa. Da aka zo kan gawon da ya fi girma sai ya ce, "Hajiya, wannan fa hannuna ba ya so." Na ce, "Baba, aiki aka ɗauko ka, kada ka ci ladan abin da ba ka yi ba." Ya yi bismilla ya sare. Kafin azahar sun gama. Na kawo musu ruwa da fura, don baƙinka ne.

Maganar boka kuwa, Allah ya san abin da ke zuciyata, ya ishe ni. Ban yi fushi da kai ba. Na dai yi kuka a hanyar komawa, ba zan ɓoye maka ba. Itace talatin da uku suka rage, gawo huɗu a ciki, kuma zan ci gaba da kula da su muddin ina iya tafiya.

Ka faɗi abin da za a shuka a naka ɓangaren.

Yayarka,
Hannatu

Apapa
Lahadi, 26 ga Mayu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau uku. Me ya hana ki karɓi wayar Abdurra'uf ki kira ni a nan take? Kalma ɗaya, Yaya. Kika zauna a rana kika raba gonar Malam da ƙafa, abin da ko alƙali bai yi ba. Kuma wallahi ban san zanen Inna ba ne. Mai ɗigon baƙi ɗin nan ne da take zuwa biki da shi?

Duk da haka, abin da aka sare an sare, kuma ban canza ra'ayi kan riɗi ba. Ga irin nan na ba Cindo, mai kyau ne, fari. A shuka a nawa ɓangaren da garmar shanu, tarakta tana nan zuwa bayan kaka. Ke ki yi geronki a cikin dajinki. Tunda kin ja layi, damina ta raba mana gardama.

Muhsina ta ce ban kyauta ba, kwana biyu ke nan tuwona ba man shanu. Ki yafe abin da ya ɓata miki rai.

Habibullah

Gawo Bakwai
Laraba, 14 ga Agusta

Zuwa ga ƙanena Habibullah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku, ka ce wa Muhsina ta mayar da man shanu, ban sa ta ba. E, zanen mai ɗigon baƙi ne. Abin da ya hana ni kiranka kuwa, na riga na roƙe ka sau ɗaya a rubuce. Da na kira ka ina kuka, da kunyata za ka ji ka bari, ba don ka yarda ba, kuma ni ba na son abin da aka ba ni don kunya.

Na jinkirta ne don in ba ka labarin da ya tabbata. Riɗinka na kula da shi fiye da gerona, don amana ne. Mun shuka shi farkon Yuli bayan ruwa mai kyau. Kwana huɗu da tsirowa hadari ya taso daga gabas, iska ta zo, ruwa bai biyo ta ba. Ka san ƙanƙantar tsiron riɗi. Da gari ya waye ko kunyoyin ba a ganewa, gonar ta yi sumul kamar an share tsakar gida. Muka sake shukawa da ragowar irin. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara. Wanda ya rayu kuma, ruwan makon jiya ya zo da ƙarfi ya wanke wajen rabinsa, tunda ba abin da zai riƙe ƙasar. Abin da ke tsaye yanzu, in Allah ya raya shi, zai mayar da iri da ɗan ƙari.

Kada ka ɗauka nawa ɓangaren aljanna ne. Kunya takwas na bakin layi rairayin ɓangarenka ya binne su. Farin nan ya taɓa gerona, wasu zangarnun gajeru ne. Amma sau ɗaya na shuka. Iskar da ta iso kan kalgo da sabara sai ta karye, rairayin ya taru a gindinsu. A ƙarƙashin gawo kuwa, da yake shi da damina yake zubar da ganye, geron ya yi duhu har ya fi ni tsawo. Maƙwabcinmu na kudu, wanda ya fara kiran gonar ƙofar boka, ya zo shekaranjiya yana zagayawa, ya ce wai akuyarsa yake nema. Ya tafi bai tambayi akuyar ba, ya dai tambayi toho nawa ake bari.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kututtukan da aka sare a ɓangarenka duk sun yi toho, wani goma wani ashirin, har babban gawon nan. Ban taɓa ko ɗaya ba, ba zan kuma taɓa ba sai da izininka. In aka rage su bayan kaka, za su fi na farko saurin tashi, don saiwar ta ƙara ƙarfi. In tarakta ta tumɓuke saiwar, shi ke nan, ba mu ba jikokinmu.

Ga ƙullin ƙasa biyu nan a wajen Malam Cindo. Mai ƙulli ɗaya daga ɓangarenka, mai ƙulli biyu daga gindin gawona. Ba zan ce komai a kansu ba. Ka yi boko, ka fi ni sanin yadda ake gwaji.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Yayarka,
Hannatu

Apapa
Lahadi, 20 ga Oktoba

Yaya Hannatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ki yi haƙuri da dogon shiru. Ba aiki ne ya hana ni ba, girman kai ne.

Ƙasarki ta yi wata guda a cikin durowa. Wata rana na samo gwangwanin madara biyu, na huda gindinsu, na zuba kowace, na tsiyaya ruwa daidai wa daida. Tawa kafin in ajiye kofi ruwan ya wuce ta kamar rariya. Taki ta riƙe, bayan kwana biyu da danshinta, kuma ƙamshin gonar Malam na da take yi. Abokin aikina Kingsley ya shigo ya tarar da ni durƙushe ina sansanar gwangwani, ya ce, "Oga Habibu, kai ma ka fara haɗa asiri?" Kin ga an rama miki.

Nan sito kuma sabon riɗi ya fara shigowa, amma na wajenmu ya yi ƙaranci. Kwantena na jira rabi a cike, masu saye na ta kira. Kowane dillali da na tambaya labarinsa irin naki ne: iska, fari, sai ambaliya. Na zauna na ga dalar da nake miki wa'azinta ashe a kan yatsa huɗu na ƙasar sama take tsaye, ita ce kuma na sa aka buɗe wa iska.

Kin tuna ranar da Malam ya sare gawo na ƙarshe, shekarar fari, don ya sayar da itacen ya auno mana hatsi? Kin fi ni wayo a lokacin, amma na tuna bai ci abinci ba ranar. Shi yunwa ce ta sa shi. Ni maganar majalisar tasha ce.

Na gaya wa Abdurra'uf ya sallami mai tarakta. Na ba ki izini, a rubuce kamar yadda kike so, ki bar tohon da ke ɓangarena. Sharaɗi ɗaya: ki bar su a jere yadda garmar shanu za ta wuce, don baɗi ma riɗi zan shuka, ban tuba daga shi ba. Kuma ki goge layin nan da kika ja da ƙafa.

Zanen Inna ba zan iya mayar miki da shi ba. Ga rigar aikina nan, mai ruwan lemo da ke ƙyalli, wadda muke sawa don kada motar lodi ta take mu. Ki yayyaga ta. Leda ce rabinta, rana ba za ta cinye ta da wuri ba. Duk wanda ya tambaya, ki ce bokan yana Apapa.

Ki yafe mini, Yaya.

Ƙanenki,
Habibullah

Gawo Bakwai
Laraba, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Habibullah,

Assalamu alaikum. Na yafe tun ranar, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Layin kuwa iska ta riga ni goge shi.

Rigarka na yayyaga ta siri-siri iya yadda almakashi zai iya, ta ba ni ƙyalle arba'in da uku. Kai ba ka da jiki, da Abdurra'uf ne da ta isa. Na rage tohon, na ɗaura, a jere kamar yadda ka ce. Saura kututture goma sha takwas ba alama, babban gawon nan yana ciki. Shi ban zaɓar masa ba. Toho bakwai ya fitar, kuma na ga ya fi dacewa wanda ya sa aka sare shi ya zo ya zaɓi wanda zai tsaya.

Mai gari ya ce ran Juma'a ta sama za a saki dabbobi su shiga gonaki, ka kuma san akuya ba ta jiran mai izini. Zan kewaye shi da ƙayar magarya in yi gadinsa iya ƙarfina. Ka taho da wata rigar, babba.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri, in san ranar zuwanka. Wannan karon ko ta waya ce, zan saurara.

Yayarka,
Hannatu